Tambayoyi da Amsoshi Kan Aristotil Onasis, Attajirin da Ya Yi Arziki da Dakon Mai

A majalisar da muke zama bayan sallar la'asar kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, akwai wani dattijo da ya shekara fiye da talatin yana da tankokin dakon mai tsakanin Legas da Arewa. Wata rana jikansa ya nuna masa hoton wani gajeren mutum mai furfura da baƙin tabarau a waya, ya ce wai a zamaninsa yana cikin waɗanda suka fi kowa kuɗi a duniya, kuma da man fetur ya tara dukiyarsa. Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Malam, wannan Baturen rijiyar mai nawa gare shi?" Na ce, "Alhaji, ai abokin sana'arka ne, dako yake yi, sai dai shi a kan ruwa." Tun daga ranar tambayoyi ba su yanke ba, daga shi da kuma matasan da ke zama tare da mu, shi ya sa na ga ya dace in tattara su wuri ɗaya tare da amsoshinsu.

Wane ne Onasis, kuma daga ina ya fito?

Aristotil Onasis ɗan ƙabilar Girkawa ne, amma ba a ƙasar Girka aka haife shi ba. An haife shi a shekarar 1906 a birnin Simirna, wanda yau ake kira Izmir, a gaɓar tekun ƙasar Turkiyya, lokacin birnin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa kuma Girkawa da yawa suna zaune a cikinsa suna kasuwanci. Mahaifinsa Sokaratis babban dillalin ganyen taba ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun yana yaro ƙarami. A watan Satumba na 1922, bayan an ci Girka da yaƙi, sojojin Turkiyya suka shiga birnin, gobara ta cinye unguwannin Girkawa da Armeniyawa, aka tsare mahaifinsa, iyalin suka tsere zuwa Girka a matsayin 'yan gudun hijira bayan sun rasa mafi yawan abin da suka mallaka. A shekara mai zuwa, wato 1923, ya shiga jirgin ruwa zuwa Buenos Aires, babban birnin Ajantina, da takardar tafiya irin wadda ake ba waɗanda ba su da ƙasa.

Da gaske ne ba shi da ko anini ya fara?

Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuwa ado ne irin wanda attajirai ke son a yi wa tarihinsu. Gaskiya ne ya isa Ajantina da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ya yi aikin dare a kamfanin wayar tarho yana haɗa layin masu kira. Har shekaru ya ƙara wa kansa a takarda domin a ɗauke shi a matsayin baligi, saɓanin abin da muka saba gani a nan, inda ragewa ake yi. Amma wanda ya tashi a gidan fatauci, ya yi makaranta, yana jin harsuna da dama, kuma mahaifinsa yana da abokan hulɗa a kasuwar taba, ba za a ce da shi ya fara daga babu ba. Duk Bakatsinen da ya san gidajen fatake ya san cewa ko karayar arziki ta sami gida, ɗan gidan yana fita da abin da gobara ba ta ci, wato sanin kan ciniki da sunan ubansa.

Da wannan jarin ya fara shigo da ganyen tabar ƙasashen gabas zuwa Ajantina, inda aka saba da taba mai ƙarfi, ya sayar wa masu masana'antar sigari, daga baya shi ma ya buɗe tasa. Kafin ya cika shekara talatin ya riga ya zama mai kuɗi, ya kuma karɓi takardar zama ɗan Ajantina a 1929.

Yaushe ya koma harkar jiragen ruwa?

A daidai lokacin da kowa ke gudunta. Bayan karyewar kasuwar hannun jari ta Amurka a 1929, ciniki tsakanin ƙasashe ya ja baya ƙwarai, jirage suka cika tashoshi suna tsatsa babu kayan ɗauka. A 1932 Onasis ya tafi Kanada ya sayi jiragen dakon kaya guda shida daga kamfanin jiragen ruwa na gwamnatin ƙasar, kowanne a kan kimanin dala 20,000, kuɗin da bai wuce abin da 'yan gwangwan za su biya su farfasa su ba. Biyu daga ciki ya sa musu sunayen mahaifinsa da mahaifiyarsa. Lissafinsa mai sauƙi ne: jirgin da aka saya a farashin ƙarfensa ba ya iya jawo babbar asara, domin ko kasuwa ba ta farfaɗo ba ana iya sayar da ƙarfen, idan kuwa ta farfaɗo, duk abin da ya shigo riba ce. Wannan shi ne hikimar mai sayen hatsi da kaka ya ajiye sai bazara, sai dai nasa rumbun yana yawo a kan teku. A 1938 aka kammala ƙera masa jirgin dakon mai na farko a ƙasar Suwidin, mai suna Ariston, wanda ke ɗaukar tan 15,000.

Idan ba rijiyar mai gare shi ba, ta ina kuɗin ke shigowa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma mutanen Katsina sun fi kowa cancantar gane amsarta. Ƙarni da yawa birnin nan ya rayu da ayarin da ke ratsa Sahara, kuma mai raƙuma ba lallai ne ya mallaki gishirin Bilma ko fatun da ya ɗauko ba. Muddin kaya yana wuri ɗaya mai bukatarsa yana wani wuri, dole a biya wanda zai kai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Turai da Japan suna komawa daga gawayin kwal zuwa mai, man kuwa yana Gabas ta Tsakiya da Benezuwela da Amurka. Onasis ya hango cewa tazarar da ke tsakani ita ce kasuwa.

Dabararsa ta farko ita ce gina jirgi da kuɗin wasu. Yakan je wurin babban kamfanin mai ya ƙulla yarjejeniyar shata, cewa kamfanin zai yi hayar jirginsa na tsawon shekaru a kan ƙayyadadden kuɗi, alhali jirgin ko fara ƙera shi ba a yi ba. Sai ya ɗauki takardar shatar ya kai banki ko kamfanin inshora a Amurka, ya jinginar da ita ya karɓi bashi, tun da masu ba da bashin sun san cewa kamfanin mai ba zai kasa biya ba. Kuɗin haya ya riƙa biyan bashin, bayan 'yan shekaru kuma jirgi ya zama nasa fes. Da na yi wa Alhaji wannan bayani, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce shi ma tankarsa ta biyu da takardar kwangilar wani gidan mai ya same ta, sai dai shi wani ɗan'uwansa ne ya ranta masa, domin mahaifinsa ya hore shi kada ya kusanci bashi mai kuɗin ruwa. A nan hanyarsu ta rabu, domin dukiyar Onasis kusan dukkanta a kan bashin ruwa aka gina ta.

Dabara ta biyu ita ce girma. Jirgin da ya ninka wani ɗaukar kaya ba ya bukatar ninkin ma'aikata ko ninkin man da zai sha, saboda haka kuɗin dakon kowace ganga yana raguwa gwargwadon girman jirgin. A 1953 aka ƙaddamar masa da jirgi a Hambog ta ƙasar Jamus, aka sa masa sunan matarsa Tina, yana ɗaukar kimanin tan 45,000, kuma a lokacin babu jirgin dakon mai da ya kai shi. Idan aka juye abin da ke cikinsa a tankokin mota masu cin lita 33,000 irin waɗanda muke gani a hanyar Kano, sai an cika fiye da 1,500. Ya zaɓi masana'antun Jamus ne saboda yaƙi ya durƙusar da su, suna neman aiki ido rufe, kuma farashinsu ya yi ƙasa.

Me ya sa jiragensa ba su ɗaga tutar Girka ba?

Domin jirgin ruwa dokar ƙasar da aka yi masa rajista yake bi, ba dokar ƙasar mai shi ba. Panama da Laberiya sun buɗe ƙofa ga duk mai so ya yi rajista da ɗan kuɗi kaɗan, babu harajin kirki a kan riba, babu kuma ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi da za ta tsaya a kan albashin ma'aikatan jirgi. Onasis yana cikin na farkon da suka rungumi wannan hanya sosai, kowane jirgi ko rukunin jirage da kamfaninsa daban, ta yadda idan ɗaya ya shiga matsala ba zai ja sauran ba. Doka ba ta hana ba, amma mai adalci ba zai ɓoye cewa wani kaso na ribar daga aljihun ma'aikata da baitulmalin ƙasashe ya fito ba.

Me ya haɗa shi da Saudiyya, kuma me ya sa ake cewa yaƙi ne ya cece shi?

A farkon 1954 ya ƙulla yarjejeniya a Jidda da gwamnatin Sarki Sa'ud, wadda za ta ba wani kamfanin jirage mai ɗauke da tutar Saudiyya, amma a hannun Onasis, fifiko wajen dakon man ƙasar. Har wani babban jirgi ya sa aka ƙera a Jamus aka raɗa masa sunan sarkin. Da abin ya tabbata, da makogwaron man Saudiyya ya koma hannun mutum ɗaya. Kamfanin Aramco, wanda a lokacin mallakar manyan kamfanonin Amurka huɗu ne, ya ce wannan ya saɓa wa yarjejeniyarsa da masarautar, gwamnatin Amurka ta mara masa baya, manyan kamfanonin mai kuma suka haɗa baki suka daina ɗaukar shatar jiragen Onasis. Yarjejeniyar ta mutu, kuma masu sasanci a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan suka ba Aramco gaskiya a 1958. A tsakanin nan jiragensa da yawa suna tsaye a tasha babu aiki, bashin banki kuwa ba ya barci. Wannan ne karon da ya fi kusa da karyewa a rayuwarsa.

Sai ga shi a watan Yuli na 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir na Masar ya mayar da mashigin ruwa na Suwez mallakar ƙasa, a ƙarshen Oktoba Isra'ila da Ingila da Faransa suka kai wa Masar hari, aka toshe mashigin har zuwa farkon 1957. Jirgin da ke ɗauko mai daga Tekun Fasha zuwa Turai dole ya zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, tafiya ta ƙara makonni, jirage suka yi ƙaranci, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabi. Sauran masu jirage galibinsu sun ɗaure kansu da shata ta dogon lokaci a tsohon farashi. Mutum ɗaya da ke da tarin manyan jirage a zaune shi ne wanda aka ƙaurace wa, kuma waɗanda suka ƙaurace masa su ne suka dawo suna layi. Masu rubuta tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya sami dala miliyan 60 zuwa 70 cikin 'yan watannin nan. Ni dai a ganina wannan ba wayonsa ba ne, rabo ne, kuma gobarar Titi ce a Jos a gare shi, alhali wasu ne suka sha wahalar yaƙin. Abin da za a yaba masa kawai shi ne ya jure bai sayar da jiragen ba lokacin da ruwa ya kai masa wuya. An sake rufe mashigin a 1967, kuma ya sake cin moriyar hakan.

Ya taɓa shiga hannun hukuma?

Sau da yawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta yi gwanjon jiragen da ta ƙera domin yaƙin, amma wasu daga ciki, musamman na dakon mai, an taƙaita sayar da su ga 'yan ƙasa. Onasis ya kafa kamfanoni da sunayen Amurkawa a gaba shi yana baya, gwamnati ta gurfanar da shi a 1954, aka ƙare da sulhu ya biya dala miliyan 7. A wannan shekarar kuma sojojin ruwan ƙasar Peru suka kama jiragensa masu farautar manyan kifayen tekun nan da ake narka kitsensu a yi mai, saboda sun shiga cikin mil 200 da ƙasar ta ce ruwanta ne. An ci shi tarar dala miliyan 3, amma kamfanin inshora na Landan ne ya biya, domin tun kafin ya tura jiragen ya sa an rubuta irin wannan kamun a cikin abin da inshorar za ta ɗauka. An kuma zargi jiragen da kashe ƙananan kifaye da yin farauta a lokacin da aka hana, kuma a 1956 ya sayar da su ga wani kamfanin Japan ya fita daga sana'ar.

A Monako ya sayi mafi rinjayen hannun jarin kamfanin da ke da gidan caca da manyan otal-otal na ƙasar a 1953, har aka riƙa yi masa kallon sarki na biyu, sai Yarima Reniye, mai sarautar ƙasar, ya ƙirƙiro sababbin hannayen jari da sunan gwamnati a 1966, rinjayensa ya narke, aka biya shi ya tafi. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Akwai kuma kusancinsa da gwamnatin sojan da ta ƙwace mulki a Girka a 1967, wadda ya nemi kwangilar matatar mai a hannunta, abin da Girkawa da yawa ba su yafe masa ba, ga shi kuma kwangilar ba ta kai ko'ina ba.

Wane ne babban abokin hamayyarsa?

Istabros Niyarkos, shi ma Bagirke mai jiragen dakon mai, kuma matansu ya da ƙanwa ne, 'ya'yan wani hamshaƙin mai jirage da ake kira Libanos. Onasis ya auri ƙanwar, Tina, a 1946, Niyarkos ya auri yayar a 1947. Idan wannan ya ƙera babban jirgi sai wancan ya ƙera wanda ya fi shi, idan wannan ya sayi tsibiri wancan ma yana da nasa. Bayan yayar ta rasu a 1970, Niyarkos ya auri Tina a 1971, wato tsohuwar matar abokin gabarsa kuma uwar 'ya'yan Onasis ɗin.

Ina labarin jirgin shaƙatawa da tsibiri da matan da ake ta ambata?

Wannan ɓangaren ne jaridu suka fi so, shi ne kuma ya fi ƙarancin darasi, amma yana da alaƙa da kasuwancin. A 1954 ya mallaki wani tsohon jirgin yaƙin Kanada mai tsawon kusan mita 99, ya kashe kimanin dala miliyan 4 ya mayar da shi fada mai tafiya a kan ruwa, ya sa masa sunan 'yarsa Kiristina. Manyan mutane irin su tsohon Firayim Ministan Ingila Winston Cocil sun sha zama baƙinsa a ciki. Zaure ne na attajiri, inda ake ciyar da masu mulki da masu banki domin gobe a sami fuskar neman alfarma. A 1957 ya karɓi kamfanin jiragen saman Girka ya raɗa masa suna Olympic Airways, a 1963 kuma ya sayi tsibirin Iskofiyos.

Aurensa da Tina ya mutu a 1960 saboda hulɗarsa da shahararriyar mawaƙiyar nan Mariya Kalas, wadda ya shekara kusan tara tare da ita bai aure ta ba. A ranar 20 ga Oktoba, 1968, ya auri Jakilin, matar marigayi Shugaba Kenedi na Amurka, a tsibirin nasa. 'Ya'yansa biyu ba su yi maraba da auren ba.

Nawa ya mallaka?

Lokacin mutuwarsa an ƙiyasta dukiyarsa da kimanin dala miliyan 500 na wancan zamani, galibinta jirage ne da hannayen jari da gidaje, ba tsabar kuɗi ba. Darajar jirgi kuwa tana hawa da sauka da kasuwar dako, kuma ya mutu ne a lokacin da kasuwar take ƙasa.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

A watan Janairu na 1973 ɗansa namiji tilo, Alekzanda, mai shekara 24, ya yi haɗari a wani ƙaramin jirgin sama jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin saman Atina, ya rasu washegari. Uban bai yarda haɗari ne kawai ba, har ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda zai kawo shaidar cewa makirci aka ƙulla, amma ba a tabbatar da hakan ba. Daga nan komai ya fara zamewa. A ƙarshen wannan shekarar ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai saboda yaƙin Oktoba tsakanin Larabawa da Isra'ila, farashi ya ninka wajen sau huɗu, masu saye suka rage, manyan jiragen dako suka rasa kaya. Kamfanin jiragen samansa ya shiga asara, ya mayar wa gwamnatin Girka. Tina ta rasu a 1974. Shi kansa wata cuta mai raunana tsokar jiki ta kama shi, har fatar idonsa ba ta iya ɗaguwa da kanta sai an manne ta da filasta. Ya mutu a wani asibiti a gefen birnin Faris ranar 15 ga Maris, 1975, wata uku kafin a sake buɗe mashigin Suwez.

Wa ya gaji dukiyar?

Nan ne Alhaji ya fi gyara zama, domin ya ga rabon gado da yawa a rayuwarsa. A shari'ar Musulunci mutum ba ya wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, 'ya mace guda ɗaya tana da rabi, matar mamaci mai 'ya'ya tana da sumuni. Onasis kuwa wasiyya ya rubuta da hannunsa ya raba yadda ya so. A ƙarshe kashi 55 cikin ɗari ya tafi ga 'yarsa Kiristina, kashi 45 kuma aka kafa gidauniya da shi da sunan ɗansa Alekzanda, abin da ya yi kama da waƙafi a wurinmu. Jakilin ta yi sulhu da Kiristina ta karɓi kimanin dala miliyan 26 ta janye duk wata da'awa.

Kiristina ta riƙe ragamar kamfanonin, ta yi aure sau huɗu babu wanda ya ɗore, ta rasu a Ajantina a watan Nuwamba na 1988 tana da shekara 37, a ƙasar da mahaifinta ya fara neman arziki. Ta bar 'ya ɗaya mai shekara uku, Atina, wadda ita ce ta gaji rabonta. Gidauniyar kuwa tana nan har yau, tana tafiyar da jiragen dako, da ribarsu take ba ɗalibai tallafin karatu, kuma ita ce ta gina babban asibitin tiyatar zuciya a birnin Atina, wanda ya fara aiki a 1993. Alhaji ya tambaya ko tsibirin yana hannun jikar. A 2013 ya koma hannun iyalin wani attajiri ɗan Rasha, amma kaburburan Onasis da ɗansa da 'yarsa suna nan a kansa, kusa da ɗan ƙaramin cocin da ke tsibirin.